Mai Ƙirgar Malam-Buɗe-Littafi a Rafin Orval

Ni dai tun ranar da matar nan ta tsayar da motarta a ƙofar gidan abincina raina bai kwanta da ita ba, kuma ban ɓoye ba, na faɗa wa Yaya Orval tun kafin ta gama shan kofinta. Farkon watan Yuli ne, tafkin Kluane bai daɗe da rabuwa da ƙanƙararsa ba, sauro ya fito da ƙarfinsa. Ta shigo da wata hula mai faɗin baki, fuska duk ta ƙone da rana, ta ce sunanta Rosalind Tkachuk, daga can garin Saskatoon mai nisa take, tana neman ɗaki na 'yan makonni. Na tambaye ta ko kamun kifi ya kawo ta, ta ce a'a. Hawan dutse? Shi ma a'a. Wai malam-buɗe-littafi ta zo ƙirgawa.

Na ajiye butar kofin na dube ta da kyau. Shekarata sittin da 'yan kai a bakin tafkin nan, iri biyu na sani, fari da rawaya, su ma galibi a mace nake ganinsu a gilashin mota. Na gaya mata haka. Ta yi dariya ta ce a nan yankinmu na Yukon kaɗai sun haura iri tamanin, wasu ma sai an hau can inda itace ba ya tsirowa ake ganinsu. Sannan ta nuna ta taga, ta wuce duwatsun da ke gabanmu duka, ta ɗora yatsa a kan tudun da ke saman rafin Orval, ta ce ta ina ake bi a hau wancan.

Da na fita kai mata makulli na leƙa bayan motar. Akwai raga mai doguwar sanda, gaskiya ne. Amma a gefenta ga damin turaku na katako, ga guduma, ga ƙullin kyalle mai launin lemo irin wanda ake ɗaurawa a daji.

A wajenmu, in kana son rafi ya zama naka don haƙar zinariya, turke kake kafawa a samansa da ƙasansa, ka rubuta sunanka a jiki, ka je babban birninmu Whitehorse ka yi rajista. Daga nan kowace shekara sai ka yi aiki a wurin ka kai shaida. In shekara ta wuce ba ka yi ba, fili ya buɗe, duk wanda ya riga kafa turke shi ke da shi, ko da kakanka ne ya fara tona wurin. Rafin nan babanmu ya fara kama shi, Orval ya gada, ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a ciki. Bara ya zame daga kan injin haƙa ya karya ƙugu, damina, lokacin haƙa, ta wuce yana kwance, bai ɗaga ko shebur ɗaya ba. Da bazara wa'adi ya cika, filin ya buɗe. Daga ni sai shi muka sani, don babu wanda zai yi tunanin zuwa ofis ya duba rafin da kowa ke kira da sunan Orval.

Na sha gaya masa ya bar ni in hau in kafa turakun da sunana, ya ƙi. Wai da hannunsa zai kafa, likita ya ce zuwa Agusta zai iya hawa, kuma in aka gan ni ina tafiya da gatari ai na yi shela ke nan. Taurin kai irin na babanmu, sak.

«Yaya, matar nan ta san wani abu,» na ce masa a kicin. «Wane mai hankali zai tuƙo mota tun daga Saskatoon don ƙwaro?»

Ya ce in daina ɗora wa baƙi laifi, 'yan jami'a babu abin da ba sa yi. Amma na ga yadda ya riƙe sandarsa, kuma ranar bai ci abincin kirki ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su rage mini komai ba. In rana ta fito takan fita da sassafe da turakunta a goye, ta dawo da yamma babu ko ɗaya. In gari ya yi hadari sai ta zauna a ɗaki, wai ƙwarin nata ba sa tashi in babu rana. Na ce a raina, eh mana, mai neman zinariya ma ba ya son jiƙewa. Gwiwoyin wandonta kullum da taɓo, faratanta cike da ƙasa. Na tambaye ta me ya haɗa ƙwaro mai tashi sama da tonon ƙasa, ta ce duwatsu take juyawa tana neman tsutsotsinsu. Duwatsu! Na tambaye ta ina waɗanda ta kama, in gani, ta ce ba ta kashe su, dubawa take ta sake su. Wato babu shaida ke nan. Kuma da na matsa mata da tambayar daidai ina take zuwa a kan tudun, sai ta kama kame-kame, ta ce nan da can, ta canza magana zuwa miyar da na dafa.

A nan Garnet ya shigo maganar. Garnet Dufresne maƙwabcinmu ne, bakanike, yana ɗan taɓa haƙa a wani rafi da bai taɓa ba shi abin kirki ba. Tun da matarsa ta bar shi, shekaru kusan talatin, a teburinmu yake cin abincin yamma, su buga karta da Orval suna zagin juna. Shi ya ɗauko Orval a bayansa ranar da ya karye. Yana kiransa gurgu, Orval yana kiransa tsohon ƙarfe.

Wata yamma Garnet ya lura Orval yana ta zubar da karta ba lissafi, ya ce, «Kai gurgu, ƙugu ka karya ko kai? Me ke damunka?»

Orval ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin baƙuwar, ya sassauta murya ya zayyana masa komai. Ya ce filin a buɗe yake tun bazara, ga mata tana hawa da turaku, shi kuma ko matakalar gida da ƙyar yake hawa. Ya roƙe shi ya bi bayanta ya ga abin da take yi. Ni ma na sa baki, na ce ya duba ko akwai suna a jikin turakun. Garnet ya juya cokali, sannan ya ce haba, ai wannan ba abin roƙo ba ne, gobe da safe zai hau babur ɗinsa mai ƙafa huɗu ya bi ta.

Ya bi ta kuwa, kuma kullum da labarin da zai kawo. Yau ya gan ta tana auna ƙasa da igiya. Gobe ya gan ta a durƙushe a bakin ruwa ta daɗe ba ta tashi ba. Turakun fa? Ya ce bai samu matsawa kusa ba, matar tana da ido, amma mu kwantar da hankali, yana nan a kanta. Ya ce kada mu yi mata magana, kada mu ɗaga mata hankali ta ruga ofis. Akwai ranar da bai je ba don ya tafi Whitehorse sayen taya, Orval ya yini yana leƙen taga kamar mai jiran haihuwa. Ni kuwa na koma ina ajiye wa matar faranti da ƙarfi, in ta gaishe ni in amsa a ciki. Ita ma ta daina zama a falo, tana gama ci sai ɗaki, in ji tana jan kujera tana tokare ƙofa.

Abin da ya ƙure ni shi ne ranar da ta tambaye ni ƙarfe nawa ofisoshin gwamnati ke buɗewa a Whitehorse, wai tana da takardar izini da za ta sabunta ranar Litinin. Na ce to, an zo wurin. Washegari Asabar na rataya allon rufewa a ƙofa, na sa takalmin daji, na tare ta a bakin mota na ce yau ni ma ina son ganin waɗannan iri tamanin ɗin. Ta dube ni ta dubi hannuna, kamar tana neman abin da na riƙo. Sai ta ce in shiga.

Tun a bakin tafki ta tsayar da ni. A kan wani jiƙaƙƙen yashi, inda na sha wucewa da kwandon shara, ga wasu 'yan ƙanana shuɗaye, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, sun taru suna shan ruwa. Ta ce iri uku ne a wurin. Ni dai ɗaya na gani, kuma na ɗauka burga take yi mini.

Muka bar mota inda hanya ta ƙare, muka shiga fadama mai gajerun itatuwa, ƙafa tana nutsewa, sauro yana cin rabonsa. Wani mai ruwan toka ya tashi a gabanmu ya sauka a jikin itace, ya ɓace ina kallonsa. Ta kai raga ta ɗauko shi a hankali, ta nuna mini 'yan ɗige-ɗige kamar idanu a fiffikensa. Ta ce wannan a fadamar nan shekara ɗaya yake fitowa ya tsallake ɗaya, don damina ba ta isar tsutsarsa ta girma, sai ta kwana hunturu biyu a daskare ƙarƙashin ƙanƙara. In na zo baɗi ba zan ga ko ɗaya ba. Ta buɗe yatsu ya tafi.

Ina saurarenta, amma idona yana kan turke na farko da ke bakin fadamar. Na yi kamar zan ɗaure igiyar takalmi na durƙusa kusa da shi. Siriri ne, bai fi kaurin muciya ba, da kyalle a kai, babu suna, babu lambar ƙarfe irin ta rajista. Turken kama fili kuwa kauri gare shi, ana sassaƙe shi gefe huɗu. Na ce a raina wataƙila waɗannan na ɓad da sawu ne, na gaskiyan suna sama.

Muka ci gaba da hawa, gwiwata tana kuka. Cikin ƙananan bishiyoyi muka samu masu ruwan lemo da zanen baƙi, ta kama biyu da na rantse uwa ɗaya uba ɗaya ne, ta juya su ta nuna mini ƙarƙashin fiffike, ɗaya da farare kamar an ɗiga madara, ɗaya ja-ja. Da itatuwa suka ƙare muka fito fili mai gajeriyar ciyawa da furanni, ga rawaya, ga wani mai ɗan kore-kore da ke tafiya ƙasa-ƙasa da gudu don kada iska ta kwashe shi. Tana tafiya daga turke zuwa turke a hankali, tana ƙirga duk wanda ya gifta kusa da ita. Ta ce amfanin turakun ke nan, don baɗi da baɗin baɗaɗa ta bi layi ɗaya, ta gane wa ya ƙaru, wa ya ragu, wa bishiyoyi ke korawa sama.

Can ƙarshe, inda babu komai sai tsakuwa da fasassun duwatsu, iska tana yankan kunne duk da rana, ta kama hannuna ta ce in tsaya. A kan wani dutse ga wani baƙi ƙirin kamar gawayi, ya haɗe fikafikai ya karkata gefe guda yana shan rana. Ta ce saboda shi ta zo. Na dubi matar nan, hanci yana zuba, idanu sun kawo ruwa a kan ƙwaro, na ji kunya ta fara kama ni, na kuma ji haushin kunyar. Girgije ya rufe rana, kafin in ƙifta ido tudun ya zama kamar ba a taɓa yin mai rai a kansa ba.

Muka zauna a bayan wani dutse muna jiran rana, na fito da burodi da kyafaffen kifi. Na gaji da zagaye-zagaye.

«Baiwar Allah, ki gaya mini gaskiya. Zinariya kika zo nema?»

Ta tsaya da tauna. Da ta gane da gaske nake, ta yi dariya har ta ƙware. Sannan dariyar ta ɗauke, ta ce to ita ma tana da tambaya. Me ya sa muka sa mutum yana bin ta? Ta ce akwai masu kama irin baƙin malam-buɗe-littafin nan suna sayar wa masu tarawa, shi ya sa ba ta faɗin inda take zuwa. Da ta ga mutumin da ke cin abinci a teburinmu yana laɓe mata a bayan duwatsu, ta ɗauka mu ne dillalan, ko kuma abin ya fi haka muni. Har ta yi tunanin tattara kayanta.

Na ce Garnet ne, ba ya cutar da ko ƙuda, mu muka sa shi, kuma ta yi haƙuri da bin da ya yi mata duk kwanakin nan.

«Duk kwanakin nan?» ta ce. «Sau biyu ya bi ni. Rana ta biyu ma ya zo ya zare turkena ɗaya ya jujjuya shi ya mayar. Daga nan ban sake ganinsa a tudu ba, sai dai ƙarar gatarinsa a ƙasa, wajen rafin.»

Ban ƙarasa burodin ba. Na miƙe na nufi gangaren, tana bina tana kiran sunana, duwatsu suna zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Na san inda turken babanmu yake a kan rafin, wani tsohon kututture da ya yi fari don daɗewa. Yana nan. Kusa da shi, taku kaɗan, ga sabo, an sare itace an sassaƙe shi gefe huɗu, ɓawon yana zube a ƙasa bai gama bushewa ba. An tara duwatsu a gindinsa yadda ya kamata. Aiki mai kyau, na mutumin da ya san abin da yake yi. Na karanta sunan da ke jiki sau biyu, duk da na san rubutun tun daga nesa, don shi ne a kan kowace takardar gyaran motata.

Rosalind ta iso tana haki, ta dubi turken ta dube ni. Ta tambaya ko wani abu ne ya faru. Na ce mata mu tafi gida.

Muka kama hanyar gida. Zuciyata tafasa take yi. Ina tuna farantan da na ajiye wa mutumin nan, da rigunan da na ɗinke masa maɓalli, da yadda ya zauna jiya yana ba mu labarin matar tana auna ƙasa, bakinsa cike da dankalina. Ina kuma tunanin yadda zan dubi Orval.

Da muka iso rana tana nan sama, don a nan ba ta faɗuwa da wuri a Yuli, amma lokacin abincin yamma ya yi. Suna zaune a teburinsu, Orval ya ɗumama miyar jiya, karta a baje. Garnet ya ga takalmina, ya ga Rosalind a bayana, ya ajiye cokali. Rosalind ta wuce ɗakinta ta ja ƙofa.

«Yaya,» na ce, «turakun matar nan na ƙirga ne. Amma akwai sabon turke a rafinka, da sunan wannan a jiki.»

Orval ya yi murmushi tukuna, yana jiran ƙarshen wasan. Da ya ga babu, ya juya ya dubi Garnet. Ya ce masa ai ya gane, riƙe masa ya yi kada matar ta riga su, ko ba haka ba? Ya faɗa da sauri, yana ba shi hanya. Na so Garnet ya karɓa, wallahi na so, ko ƙarya ce.

Garnet ya dubi kartar da ke hannunsa. «Fili a buɗe yake, Orval. Da bakinka ka faɗa mini.»

«Ka yi rajista?»

«Ranar da na je sayen taya.»

Daga nan ya shiga zuba. Wai shekara talatin yana wanke tsakuwar banza a rafinsa yana kallon Orval yana ɗiba. Wai ƙugun nan ba zai sake hawa dutse ba, kowa ya sani, likita daɗin baki yake yi. Wai da bai kafa ba wani zai kafa, gara na gida. Har ya ce in Orval ya warke ya zo su yi aiki tare, ba zai hana shi kasonsa ba. Kasonsa, a rafin ubansa! Na miƙa hannu na ɗauke farantin daga gabansa, da sauran miya a ciki, na kai kicin na juye wa kare. Na dawo na same shi bai tashi ba, yana jiran Orval ya ce wani abu, ko zagi ne.

Orval bai zage shi ba. Ya tattara kartar ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ke gaban Garnet, ya daidaita su ya sa a kwali. Sai da ya gwada sau biyu kafin su shiga. Ya jawo sandarsa ya dafa tebur ya miƙe, na matsa zan taimaka masa ya girgiza kai. Garnet yana zaune, tsakaninsu bai fi tsawon hannu ba, amma ni Orval ya duba.

«Marlys, injin ruwana da kwamin wanke tsakuwa suna can sama, da gadon kwanan Baba a bukkarmu ta bakin rafi. Tambayi mai filin ko zai bar ni in kwashe kafin ƙanƙara ta sauko.»

Ya juya ya nufi ɗakinsa a hankali, sanda tana buga katako, bai jira amsar ba.